Sauye-sauyen Ƙwaƙwalwa a Ciwon Baifola da Alamominsu a Magana

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da kalmomi da dama na ambaton rashin lafiyar hankali, kamar hauka da taɓin hankali da zautuwa, wani lokaci kuma ya sakaya ya ce wane ya yi gamo. Kalmomin nan suna bayyana abin da ido ya gani ne kawai, ba sa bambanta wani ciwo da wani. Daga cikin cututtukan da suke lulluɓewa akwai wanda likitoci ke kira baifola, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke fama da shi a shekarar 2019. Manufar wannan takarda ita ce bayyana sauye-sauyen da bincike ya gano a ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo, da kuma dalilin da ya sa, duk da na'urorin zamani, har yanzu ta hanyar magana ake gane shi. Wannan dalili na biyu shi ya sa batun ya shafi masu nazarin harshe.

2.0 Ciwon da Yadda Yake Fita a Baki

Ciwon fuska biyu gare shi, kuma a nan za a kira su lokacin zumuɗi da lokacin ƙunci. A lokacin zumuɗi, wanda kan kai mako ɗaya ko fiye, mutum yakan ji ƙarfi da buri fiye da kima, ya rage barci ba tare da ya gaji ba, ya yi ta kashe dukiya ko ƙulla shirye-shiryen da ba za su yiwu ba. A lokacin ƙunci kuwa komai yakan mutu masa, har rayuwar ta fita daga ransa. Tsakanin biyun yakan koma garau na watanni ko shekaru. Wannan zagayowa ce ta sa likitan Faransa Jean-Pierre Falret, a wajen 1854, ya kira shi da sunan da ke nufin hauka mai zagayowa. Emil Kraepelin na Jamus (1899) shi ya raba shi da ciwon da daga baya aka sani da sikizofireniya, sunan baifola kuma ya sami gindin zama ne a kundin likitocin Amurka na 1980.

Mai zumuɗi yakan yi magana da sauri da ƙarfi, ba ya ba da damar a katse shi. Yakan yi tsalle daga wannan batu zuwa wancan, amma mai sauraro mai haƙuri zai iya gano zaren da ya haɗa su. Wani lokaci ma sauti ne ke jan zancen maimakon ma'ana. Idan za a kwatanta da Hausa, sai a ce an tambaye shi ina za shi, ya ce zai tafi gida, can ake kiɗa, shi ba ya son faɗa. Abin da mawaƙi ke nema da gangan a amsa-amo, shi ne yake fisgar wannan mutum ba da nufinsa ba. Nancy Andreasen (1979) ta tsara ma'auni na irin waɗannan siffofi na zance, wanda ake amfani da shi har yau. A lokacin ƙunci al'amarin yakan juye: amsa takan yi jinkiri, murya ta yi ƙasa, shiru ya yi tsawo tsakanin jumla da jumla.

Abin lura ga manazarci shi ne, galibi nahawun mai ciwon bai rushe ba. Jinsi da adadi suna nan daidai, aikatau yana muhallinsa. Wannan ya bambanta shi da afasiya, wato lalacewar harshe da kan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, irin wadda Paul Broca (1861) da Carl Wernicke (1874) suka danganta da wasu wurare a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. A baifola ginin jumla lafiya yake, linzamin zance ne ya kuɓuce.

3.0 Abin da Aka Gano a Ƙwaƙwalwa

Sassa biyu ne suka fi ɗaukar hankalin masana. Na farko wani ɗan curi ne mai girman ƙwallon goriba ko ƙasa da haka, can cikin ƙwaƙwalwa daura da kunne, ana kiran sa amigidala, shi ne ke saurin amsa duk abin da ya shafi tsoro ko fushi ko murna. Na biyu shi ne ɓawon goshin ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa auna al'amari da tsawatar wa amigidala. Hotunan na'urar MRI masu nuna ƙwaƙwalwa tana cikin aiki sun sha nuna cewa, idan aka nuna wa masu baifola fuskokin mutane cikin tsoro ko fushi, amigidalarsu takan motsa fiye da ta sauran mutane, musamman a lokacin zumuɗi, alhali ɓangaren goshi mai tsawatarwa yana yin sanyi. A 1997 Wayne Drevets da abokan aikinsa sun sami ƙanƙancewar wani yanki a ƙasan goshin ƙwaƙwalwa ga masu ciwon da suka gaje shi. Gado kuwa babban ginshiƙi ne a nan, domin binciken tagwaye ya nuna rabonsa ya kai kashi 60 zuwa 85 cikin ɗari.

Yawancin binciken farko an yi shi ne kan mutane ƙalilan, don haka sakamakon ya riƙa cin karo da juna. Wannan ya sa cibiyoyi da yawa suka haɗa hotunansu a ƙarƙashin gamayyar ENIGMA. Rahotonsu na 2016, wanda ya kwatanta masu ciwo 1,710 da masu lafiya 2,594, ya sami ƙanƙancewar hifokamfus, wato sashen da ke da hannu wajen ajiye abin tunawa, da ta talamus, mararrabar saƙonni, tare da buɗewar ramukan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa. Rahoton 2018 kuma ya auna kaurin ɓawon ƙwaƙwalwar mutum 6,503, ya tarar ɓawon ya fi siranta ga masu ciwon a goshi da gefe da sama.

A nan ne akwai abin da zai ja hankalin mai nazarin harshe. Wurin da sirantar ta fi bayyana a wannan rahoto yana ɓangaren hagu na goshi, cikin yankin nan da ke ɗauke da sunan Broca. To amma bai kamata a yi gaggawar cewa an gano tushen surutun mai zumuɗi ba. Rahoton kauri ya auna, bai saurari maganar kowa ba. Kuma yankin ba furuci kaɗai yake hidimta wa ba, yana da hannu wajen zaɓen kalma ɗaya daga cikin masu gogayya da danne sauran. Wannan aiki na dannewa ya fi dacewa da abin da kunne ke ji, wato mutumin da kalmomi ba su ɓace masa ba, sai dai ya kasa hana su fitowa. Haka nan an sami rauni a fararen jijiyoyin da ke sada sassa da juna, musamman babbar gadar da ta haɗa ɓangaren dama da na hagu.

Shin ciwon ne ya jawo sauye-sauyen, ko kuwa su suka jawo shi? Da alama duka biyun ne. Wani rahoton gamayyar na 2022, wanda ya bi mutane na tsawon lokaci, ya nuna cewa waɗanda zumuɗi ya fi tasar wa, ɓawon goshinsu ya fi saurin siranta. Magani ma yana barin sawunsa. Gishirin litiyam, wanda John Cade na Ostireliya ya bayyana amfaninsa a 1949, an same shi tare da ƙarin kaurin ɓawo ga masu shan sa, abin da ya sa wasu masana ke ganin yana kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Wato sauye-sauyen ba hukunci ne da aka yanke wa mutum tun ran gini ba.

4.0 Iyakar Hoto da Matsayin Harshe

Dukan bambance-bambancen da aka ambata na matsakaicin lissafi ne tsakanin taro da taro, kuma ƙanana ne ƙwarai. Kaurin ɓawon duka bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, tazarar da ake magana a kai kuwa ɗan tsagi ce daga milimita guda. Idan aka ɗauki hoton mutum ɗaya, ba za a iya cewa yana da baifola ko ba shi da shi ba. Bugu da ƙari, mafi yawan waɗanda aka auna mutanen Turai da Amurka ne. Haka zancen yake ga nazarin muryar masu ciwon, wanda akasarinsa kan harsunan Turai aka gina shi. Hausa da Yarabanci da Ibo harsuna ne masu karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana, saboda haka dusashewar murya a lokacin ƙunci abu ne da ya cancanci a auna shi a cikinsu daban.

Tunda hoto ba ya yanke hukunci, likita ya dogara ne ga hira da maras lafiya da danginsa, kuma nan ne kalma ke iya yin gyara ko ɓarna. Mafi yawan masu ciwon a lokacin ƙunci suke neman taimako, domin zumuɗi ba ya yi musu kama da ciwo. Idan aka ɗauke su masu ciwon damuwa zalla, aka ba su maganinsa shi kaɗai, yana iya tayar musu da zumuɗi. Likitan da ya tambayi dangi ko ɗan'uwansu ya taɓa hauka, abin da zai ji shi ne "Allah ya kiyaye", domin a tunanin Bahaushe mahaukaci shi ne mai yawo a bola da tsumma. Amsa ta gaskiya takan fito ne idan aka tambaya ko ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma bai gaji ba, ko ya taɓa yin surutun da aka kasa tsayar da shi, ko ya taɓa rabar da jarinsa cikin mako guda sannan ya shige ɗaki ya ƙi kula kowa.