Abin da mai kwanan daji shi kaɗai zai duba kafin sayen gadon lilo

Gadon lilo, wato ƙyalle mai ƙarfi da ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu, ya fi tanti sauƙin ɗauka, kuma yana ɗaga mutum daga danshin ƙasa da kunamu. Sai dai mai kwana shi kaɗai ba shi da wanda zai kawo masa ɗauki cikin dare.

A fara duba nauyin da kamfani ya rubuta gadon zai iya ɗauka. A zaɓi mai tsawon kusan mita 3, domin a kwanta a karkace, baya ya miƙe. A ɗaure shi da ɗamara mai faɗin santimita 2.5 ko fiye, saboda siririyar igiya tana yanke ɓawon bishiya. Bishiyoyin su kasance ɗanyu, tazararsu mita 4 zuwa 5, kuma babu busasshen reshe a sama. Kada gadon ya wuce tsayin kujera daga ƙasa.

Abin da sababbin shiga suka fi mantawa shi ne sanyi ta ƙasa yake shigowa. Nauyin jiki yana danne bargon da aka kwanta a kai, iska kuma tana ratsawa ta ƙarƙashi. Don haka a shimfiɗa siririyar katifar soso a ciki, musamman da hunturu. A haɗa da gidan sauro, tamfol na tare ruwan sama, tocila, usur da akwatin agajin gaggawa.

A ƙarshe, a kwana inda hukuma ta amince kawai, a kuma sanar da wani wurin da za a je da ranar dawowa.