Karatun Zane da Sassaƙa a Jami'ar Ahmadu Bello

Daga cikin fannonin ilmi da ake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da wuya a sami wanda iyayenmu suka yi wa gurguwar fahimta kamar fannin zane da sassaƙa, domin da yawansu, in yaro ya ce can zuciyarsa ta karkata, sai su ɗauka ko dai ya rasa gurbi a likitanci da lauyanci ne, ko kuwa yana neman inda zai ɓata shekara huɗu yana wasa da fenti, alhali kuwa sashen nan ya girmi jami'ar kanta. A Ibadan aka fara shi a 1953, ƙarƙashin kwalejin fasaha da kimiyya ta zamanin Turawa, aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1955, sa'an nan da aka kafa jami'ar a 1962 ta gaje shi tare da sauran abin da ta tarar a Samaru.

Malaman farko galibinsu mutanen Ingila ne, kuma manhajar makarantun ƙasarsu suka zo da ita. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta sa daga baya aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya, ko da yake tawayen nasu bai wuce hujja guda ba, wato ɗalibi ya karɓi ƙa'idojin da Bature ya kawo, amma ya aura su da abin da ya gada a gidansu. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, kuma da wannan suka zama jagororin fannin a Nijeriya baki ɗaya. Abin da ya kamata Bahaushe ya yi wa tsokaci shi ne, kusan dukkansu 'yan Kudu ne, sun zo har ƙofar gidanmu sun gano darajar nasu gadon.

To, mene ne ake yi a cikin ɗakunan aikin nan? Sabon ɗalibi ba ya fara taɓa burushi sai ya gaji da fensir da gawayi. A kan ajiye masa tulu, ko ƙwarya, ko zane da aka yarfa bisa kujera, ya wuni a gabansa, yana miƙa hannu da fensir, ya runtse ido ɗaya, yana auna tsawon wuyan tulun da faɗin cikinsa, yana lura da inda haske ya sauka da inda inuwa ta fara kauri, har hannunsa ya daina zana tulun da ke cikin kansa, ya koma zana wanda ke gabansa. Kuma wannan, a wurin duk wanda ya jarraba, shi ne mafi wuyar darasi. Bayan haka ya shiga bahasin launi, ya san yadda ja da shuɗi da rawaya suke haifar da sauran, da dalilin da ya sa dutse mai nisa yake komawa shuɗi-shuɗi a ido. Mai sassaƙa kuwa aikinsa ya fi kama da na magini da maƙeri, don sai ya lanƙwasa rodi ya yi ƙashin abin, ya lafta yumɓu, ya rufe da leda kada ya bushe, ya ɗauki siffarsa da filasta, sa'an nan ya zuba siminti, ko ya ɗauki walda ya haɗa ƙarafa. Ƙarshen kowane aiki a jera shi a bango, malami da ɗalibai su taru su yi masa naƙadi ba sani ba sabo, mai aikin yana tsaye yana kare abin da ya yi. Ga kuma tarihin fasaha da ilmin koyar da ita, da jarrabawa a rubuce kamar kowane fanni. Kusa da wannan sashe akwai sashen da ake koyon tangaran da saƙa da rini da aikin gilashi da tsara zanen ɗab'i.

Akwai mas'alar da ba ta ɓoyuwa, wato hukuncin sura. Fuƙaha'un Malikiyya sun haramta mutum-mutumin abu mai rai in ya cika gaɓoɓi kuma yana da inuwa, suka sassauta a kan wanda aka zana a shimfiɗe bisa takarda ko bango, ba su kuma hana zanen itatuwa da gine-gine da zayyana ba. Ɗalibi Musulmi ya kyautu ya tambayi malaminsa na addini tun kafin ya cika takardar JAMB, ya kuma sani cewa akwai darussan da za a buƙaci ya zana siffar mutum, amma fagen da ya rage masa bayan wannan mai faɗi ne ƙwarai. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya, ya ɗaga kai ya dubi bakan gizon da Malam Mika'ilu Babban Gwani ya ɗaure da azara da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim, ko ya ƙura wa aska takwas ido a ƙirjin babbar riga, ko zayyanar allon mai sauka, ya ga ilmin ma'auni da daidaito da ya isa a yi digiri a kansa. Ita ma jami'ar ta yi iƙirari da haka a 1977, sa'ad da ta ba Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan da hotonta ke bayan takardar naira ashirin, digirin girmamawa.

Sai dai karatun yana cin kuɗi fiye da yadda ake zato, domin kuɗin makaranta a jami'ar gwamnati yana da rangwame, amma fenti da yadi da siminti da takarda duk daga aljihun ɗalibi suke fita, shi ya sa za ka ga wasunsu suna karɓar aikin rubuta allon shago ko zana hoton biki don su sayi kayan zangon gaba. A shekarar ƙarshe ɗalibi ya rubuta kundin bincike, ya baje ayyukansa a gaban masu jarrabawa, daga nan wasu su tafi koyarwa, wasu gidajen ɗab'i da talla da talabijin, wasu gidajen adana kayan tarihi, kaɗan kuma su buɗe ɗakin aikinsu su jira masu saye, waɗanda har yanzu sun fi yawa a Legas da Abuja.