Me Ya Sa Ƙafa Ke Mutuwa Ga Masu Wankin Ƙoda?

Baffana ya fi shekara 20 yana harkar shanu a karar Oko-Oba da ke Agege. Mutumin da yake riƙe bijimi da igiya, yau matakala uku sai an kama shi. Tun da aka fara yi masa wankin ƙoda yake kukan tafin ƙafarsa na zafi kamar ya taka garwashi, cikin dare kuma tsokar ƙwaurinsa ta ɗaure. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce sanyi. Ni nake kai shi asibiti, don haka bari in faɗi abin da na fahimta.

Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta fitsari. In ta gaza, dattin ya taru a jini ya riƙa cin jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Dogayen jijiyoyi ke fara lalacewa, shi ya sa abin ke farawa daga yatsun ƙafa biyu, ya hau sama, daga baya ya taɓa hannu. Wani zafi yake ji, wani tsira kamar allura, wani kuma ba ya jin komai. In da ciwon suga a ciki, abin ya fi muni.

Tsoka ma tana shan wahala. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jini, ita ce kuma ke kunna bitamin D. In ta tsaya, jini ya yi ƙasa, cinya ta yi rauni, tashi daga zaman sallah ya zama aiki. Ɗaurewar tsoka lokacin wanki kuwa, yawanci saboda inji na janye ruwa mai yawa ne cikin ɗan lokaci. Wanda ya sha ruwa sosai tsakanin wanki da wanki, shi ya fi shan wuya.

Mafi haɗari shi ne sinadarin fotasiyam. A jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0. In ya haura sosai, gaɓoɓi su saki, zuciya ma tana iya tsayawa, domin ita ma tsoka ce. Ayaba, lemu, dabino, tumatir, dankali da ruwan kwakwa duk suna da shi da yawa. Kun ga irin kayan da muke kai wa mara lafiya dubiya ke nan. A daina sai da izinin likita. Gishiri, dunƙule, kanwa da kilishi kuma suna jawo ƙishi, su sa ruwa ya taru a jiki.

Ƙa'ida wanki sau 3 ne a sati, kowanne kamar awa 4. Na san kuɗi ke sa mutanenmu tsallakewa. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da LUTH da FMC Ebute Metta a Legas da UCH Ibadan. A je a tambaya.

Shawarata: a riƙa duba tafin ƙafar mara lafiya kullum, don yana iya taka ƙusa bai ji ba. Kada ya shiga kara ba takalmi, kada a gasa masa ƙafa da ruwan zafi. Kar a saya masa diclofenac ko ibuprofen a kemis, kar a ba shi jiƙo ko agbo. Hannun da aka yi wa hanyar wanki, kada ya ɗau kaya da shi. Ya riƙa ɗan tattaki kullum, tsoka ba ta son zama. In jiki ya saki farat ɗaya ko ƙirji na bugawa ba daidai ba, asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne.

Baffa yanzu yana takawa masallaci da sanda, alhamdulillahi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.