Wa Ke Riƙe Da Makullin Rumbun Gwamnati?

A watan Satumban 2018, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a bai wa 'yan kasuwa hayar manyan rumbunan hatsi 20 daga cikin 33 da gwamnatin Najeriya ta gina. Wa'adin shekara goma ne, kuma ministan noma na lokacin, Audu Ogbeh, ya ce za a samu kusan naira biliyan 6. Rumbunan 33 ɗin, irin na Kwali da Minna da Gusau da Jahun, gaba ɗayansu suna iya cin hatsi sama da tan miliyan 1.3. Amma da yawansu sun daɗe babu komai a ciki sai tsatsa.

Dalili kuwa, ajiyar hatsi aiki ne mai cin kuɗi kullum. Masara ba ta shiga rumbu sai laimarta ta sauko zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari. In ta wuce haka sai ta ɗauki zafi, ta yi funfuna, wani lokaci har ta haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta. Ana bukatar lantarki don injinan busarwa da na hura iska, da maganin turara hatsi don kashe ƙwari, da masu gadi. Sannan dole a riƙa fitar da tsoho ana zuba sabo. Ƙwaro ba ya jiran a saki kuɗin kasafi, ma'aikata kuwa sai sun jira. Ta wannan fuskar, miƙa rumbu ga wanda zai yi asara daga aljihunsa in hatsi ya ruɓe shawara ce mai ma'ana.

Sai dai kwangilar ajiya iri biyu ce, kuma akan rikita su. A Amurka, hukumar amfanin gona ta CCC da aka kafa a 1933 ta daɗe tana ajiye kayan gwamnati a sitocin 'yan kasuwa: hatsin na gwamnati ne, mai sito ana biyansa ladan tsaro. Kafin a amince da shi sai an duba ƙarfin jarinsa, kuma masu bincike na zuwa su auna abin da ke ciki. A nan muhimman tambayoyin duk suna cikin takarda: wa zai auna, wace daraja hatsin yake da ita ranar shiga, raguwa nawa za a yafe, wa zai biya in gobara ta tashi.

Abin da Najeriya ta yi a 2018 akasin haka ne. Ginin na gwamnati, hatsin na ɗan haya. Ko da kuɗin haya ya shigo, ko tiya ɗaya ba ya ƙara wa ajiyar ƙasa. An ga haka da aka shiga matsi. A 2020, lokacin kullen korona, Shugaba Buhari ya sa a fitar da tan 70,000. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya sa a fitar da tan 42,000. In aka raba kowanne daga cikinsu wa mutum sama da miliyan 200, kowa bai samu ko rabin kilo ba.

Akwai kuma maganar yarda. A Oktoban 2020 jama'a suka fasa sitocin tallafin korona a Bukuru kusa da Jos, da Legas, da Kaduna, da Abuja. Gwamnatocin jihohi da dama suka ce shirin rabawa suke yi, ba ɓoyewa ba. Wataƙila wasunsu gaskiya suka faɗa. Amma tun farko ba a sanar da mutanen gari buhu nawa ya shiga, yaushe, ko wa ke riƙe da makulli ba, don haka babu wanda ya saurare su.