Faiba har ƙofar gida: Ya dace gwamnati ta kashe wannan kuɗi a Moshi Zango?

Duk wanda ya ratsa lungunan Moshi Zango a Kumasi bayan sallar isha'i zai ga hasken waya a fuskokin mutane. Matasa a majalisar ataya sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon ƙwallo. Tela yana tura wa mai kaya hoton ɗinki ta WhatsApp. Wata tsohuwa ta sa jikanta ya kira mata ɗanta da ke Jamus ta bidiyo, ana tsakiyar gaisuwa sai hoto ya daskare. Ko dai layi ya cunkushe don kowa ya hau a lokaci guda, ko kuma data ta ƙare. Sai a koma Momo a sake saye, sidi biyar yau, sidi goma gobe, kamar kuɗin koko da ƙosai.

Wannan ne ya sa tambayar take tasowa a bakin masu ilimin zamani na zango: me zai hana gwamnati ta ja wayar faiba har ƙofar kowane gida, kamar yadda aka ja wutar lantarki? Wasu kuma su ce, kai, unguwar da ke neman kwata da bayan gida ina ruwanta da faiba? Kowane ɓangare yana da hujja.

Mece ce faiba?

Zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, an lulluɓe shi da roba. Saƙo yana bi ta cikinsa a matsayin haske, shi ya sa yake ɗaukar kaya masu yawa a nisa mai tsawo ba tare da ya raunana sosai ba. Ana binne shi a ƙasa ko a rataya shi a turakun lantarki. A bakin layi akan ɗora ƙaramin akwati da ke raba zare ɗaya ga gidaje da dama, daga nan a ja waya zuwa cikin gida, a haɗa ta da na'urar da ke watsa Wi-Fi.

Hatta datar da ke wayarka, mafi yawan tafiyarta ta faiba take yi. Daga wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a Ankara, babban birnin ƙasa, zuwa Kumasi, har gindin dogayen ƙarafunan sadarwa na birni, duk faiba ce. Zangon ƙarshe kaɗai, daga ƙarfen zuwa hannunka, shi ne ke bin iska, kuma nan ne cunkoso yake. Mutanen Gana sun ga muhimmancin wannan zare ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace lokaci guda. Intanet ta durƙushe, harkar banki da ciniki suka tsaya cak a wurare da yawa, gyara kuma ya ɗauki makonni.

Ina kuɗin gwamnati ya shiga zuwa yanzu?

Gwamnatocin Gana sun daɗe suna zuba kuɗi a wannan fanni, sai dai a manyan hanyoyi da karkara suka zuba. A 2008, zamanin Shugaba John Kufuor, an sayar wa Vodafone kashi 70 cikin ɗari na Ghana Telecom a kan dala miliyan 900, kuma babban layin faiba na ƙasa yana cikin cinikin. An yi ta ce-ce-ku-ce a lokacin. Wannan kaso ne kamfanin Telecel ya saya a 2023, gwamnati tana riƙe da sauran kashi 30.

A 2015 Shugaba John Mahama ya buɗe layin faiba na gabashin ƙasa, kusan kilomita 800 daga Ho zuwa Bawku, da reshe daga Yendi zuwa Tamale. Kamfanin Alcatel-Lucent ne ya yi aikin da kuɗin rance daga Denmak. A 2020 kuma Shugaba Nana Akufo-Addo ya ƙaddamar da shirin kafa ƙarafunan sadarwa 2,016 a karkara a ƙarƙashin asusun GIFEC, a kan yuro miliyan 155.

A cikin birni kuwa, 'yan kasuwa ne ke jan waya. A 2015 Google ya sanar da shimfiɗa faiba a Ankara da Tema da Kumasi, aikin da daga baya ya koma hannun kamfanin CSquared. MTN da Telecel suna sayar da faiba ta gida a sassan Kumasi. To amma ɗan kasuwa inda riba take nan yake fara zuwa: unguwar da ke da titi a miƙe, da gida mai katanga da lamba, da maigida mai albashin wata. Nan ne zango ya faɗa tsakiya. A idon asusun karkara shi birni ne, a idon kamfani kuma aljihunsa bai cika ba.

Hujjar masu cewa a ja

Ta farko lissafi ce. A ƙauye sai a ja waya kilomita da dama kafin a kai ga gida ashirin. A Moshi Zango kuwa gida ɗaya na haya yana iya ɗaukar iyali goma ko fiye, gidajen kuma manne suke da juna. Ke nan kowace mita ta waya tana kai wa ga mutane masu yawa. Mu ɗauki misali kawai: a ce layin wata sidi 300 ne, gida kuma ɗaki goma sha biyu ne. Kowane ɗaki sidi 25 ya kama shi. Wanda ke sayen data ɗan kaɗan-ɗan kaɗan ya zauna ya tara abin da yake kashewa a wata, sannan ya gwada. Mai sayen gwangwani ai ya fi mai sayen buhu biyan tsada.

Ta biyu ita ce makomar yara. A Afrilun 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin koyar da matasa miliyan ɗaya aikin manhajar kwamfuta. Madalla. Amma yaron da ya koya a aji, in ya dawo gida da me zai yi bita? Darasin bidiyo na awa biyu yana lashe datar da ya yi kwana uku yana tarawa. Ɗan Nhyiaeso da ɗan Moshi Zango jarrabawa ɗaya suke rubutawa, jami'ar KNUST ɗaya suke nema, aikin kamfanin waje ɗaya suke hange. In ɗaya yana da layi a gida ɗaya ba shi da shi, an riga an raba su tun kafin a busa usur. Kuma duk iyayen zango sun san inda saurayin da ya rasa sana'a yake fara tunani: hanyar Agadas zuwa Libiya.

Ta uku ita ce sana'ar da ake yi yanzu. Masu sayar da atamfa da turare da kayan waya a Kejetia da Alabar sun koma tallata haja a TikTok da Facebook. Malamai suna watsa tafsirin azumi kai tsaye ga 'yan uwa da ke ƙasashen waje. Duk wannan turawa ne, ba saukewa ba, kuma wajen tura bidiyo ne faiba ta fi nuna ƙarfinta.

Hujjar masu cewa a dakata

Su ma ba da wasa suke ba. Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disambar 2022, ta shiga shirin dala biliyan 3 na asusun IMF a Mayun 2023. Duk sidin da aka sa a waya, an hana shi wani wuri ne. Matar da ke bin layin bayan gida na haya da asuba, ko wadda ruwan sama ke shiga ɗakinta don kwata ta toshe, in ka tambaye ta abin da ta fi buƙata ba za ta ce Wi-Fi ba.

Sannan waya ta wuce ta ƙofar gida daban, a iya biyan kuɗinta duk wata daban. Akwai kuɗin na'ura, akwai na haɗawa. In wuta ta ɗauke, na'urar ma ta mutu, sai dai mai ƙaramin batiri. Ga rigimar gidan haya: mutanen da har yau ba su gama faɗa a kan kuɗin mita ɗaya ta ECG ba, wa zai riƙa tara kuɗin intanet? Da sunan wa za a yi rajista, maigida ko ɗan haya? In ɗaya ya ƙi biya, a canja lambar sirri ne a ɓata zumunci?

Akwai kuma kulawa. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta Gana ta sha kokawa cewa ana tsinka faiba sau dubbai a shekara, galibi wajen aikin titi da haƙar kwata. Unguwar da titunanta ke jiran gyara, in aka binne waya yau, gobe katafila ce za ta tono ta.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma sun ɗanɗana. Ostireliya ta sanar a 2009 cewa za ta kai faiba kusan kowane gida. Da gwamnati ta sauya a 2013 aka canja tsari, aka haɗa da tsofaffin wayoyin tagulla, kuɗin ya haura dala biliyan 50 na ƙasar, daga baya kuma aka dawo ana maye tagullar da faiba. An biya sau biyu ke nan. Kenya ta ɗauki wata hanya: burin kilomita 100,000 na faiba da wuraren Wi-Fi na jama'a 25,000, tana rataya waya a turakun kamfanin lantarki don rage kuɗin haƙa.

Abin da zango zai iya nema

In aka auna, kai waya kowane ɗaki kyauta da kuɗin baitulmali ba abu ne da Gana za ta iya a yanzu ba, kuma wanda ya yi wannan alkawari a lokacin zaɓe a tambaye shi inda kuɗin yake. Amma tsakanin komai da babu akwai abubuwan da hannu zai kai.

Na farko, duk kwangilar titi ko kwata da za a bayar a Moshi Zango a sa sharaɗin binne bututun waya tun ana haƙa. Haƙar ita ce mai tsada, bututun ba wani abu ba ne. Na biyu, kuɗin gwamnati ya kai faiba makarantun gwamnati da na Islamiyya, da asibitin unguwa, da wurin karatu na matasa mai wuta tsayayya. Na uku, wayar da aka ja da kuɗin jama'a ta zama buɗaɗɗiya, kowane kamfani mai lasisin hukumar NCA ya hau ya yi gasar farashi, kada a maimaita damƙa ta ga hannu ɗaya. Na huɗu, a matsa wa kamfanoni su fito da tsari na gidan haya, inda kowane ɗaki zai biya nasa da Momo ba tare da jiran maƙwabci ba.

Ƙofar da za a ƙwanƙwasa kuma tana nan. Dokar Asusun Raya Zango ta 2017, doka mai lamba 964, an yi ta ne don ababen more rayuwa da ilimi da sana'a a unguwanninmu. An ga filayen ƙwallo na roba da aka shimfiɗa a wasu zangogi. Sarakunan zango da limamai da 'yan asambuli da ƙungiyoyin matasa suna iya haɗa takarda ɗaya, da ƙidayar gidaje da makarantu da shaguna, su kai wa asusun da GIFEC da majalisar birnin Kumasi da ɗan majalisar mazaɓa. Kamfani ma in ya ga jerin gidaje ɗari biyu da suka sa hannu za su biya, da kansa zai kawo tsani.

Kafin nan, kowane gida yana iya yin abu ɗaya a wannan wata: a rubuta abin da kowane ɗaki ya kashe a data daga farko zuwa ƙarshe, a tara. Wannan adadi shi ne hujjar da za a fara zuwa da ita gaban hukuma.