Abin da ya kamata ku sani kafin ku haɗa na'urar auna zafi da laima a gida

Mai kiwon kaji da ke son sanin zafin ɗakin 'yan tsaki da tsakar dare, ko mai rumbun da ke tsoron laima ta ɓata masa hatsi da damina, yana iya haɗa wa kansa 'yar na'urar da za ta riƙa aiko masa da labari ta waya. Kayan ba su da yawa. Akwai ɗan allon ESP32, wanda kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fito da shi a 2016, shi ne ƙwaƙwalwar aikin kuma yana da Wi-Fi a jikinsa. Sai ma'auni irin BME280 na kamfanin Bosch, wanda bai kai farcen yatsa girma ba, yana auna zafi da laima da nauyin iska. Wayoyi 4 ke haɗa su: biyu na wuta, biyu na saƙo. Batirin kuwa 18650 ne, irin wanda ake samu a cikin tocila mai caji da tsohon batirin kwamfutar cinya. Manhajar ESPHome ce ke gaya wa allon abin yi, Home Assistant kuma ta karɓi alƙaluman, har ta kunna fanka idan zafi ya wuce iyakar da kuka sa.

Haɗawar ba ta da wuya ga wanda ya iya riƙe dalma. Inda aikin ke kai mutum ƙasa shi ne batir.

Ga lissafin. Batir mai kyau yana ɗaukar kimanin miliyamf-awa 3000. Idan allon yana farke da Wi-Fi a kunne, yana shan wajen miliyamf 100, wato cikin awa 30 batirin ya ƙare. Maganin shi ne a sa shi barci mai nauyi. Ya farka bayan kowane minti 10, ya auna, ya aika cikin daƙiƙa 5, ya koma. A cikin barcin nan guntun ESP32 bai shan abin da ya wuce kimanin maikroyamf 10, don haka a lissafin takarda batirin zai kai wata 4 zuwa 5.

Sai dai allunan da aka fi sayarwa an yi su ne domin gwaji a kan tebur. Suna da 'yar fitila da ba ta mutuwa, da guntun USB, da mai daidaita wuta AMS1117 wanda shi kaɗai ke shanye kusan miliyamf 5 ko ana aiki ko ba a yi. Wannan yoyon kamar randa ce mai tsagu a gindi, kuma zai mayar da watanninku 5 su koma mako 3. A ganina nan ne wurin da ya cancanci a ƙara kuɗi: ku nemi allon da aka ƙera domin batir, ko ku cire fitilar ku canja mai daidaita wutar da irin HT7333.

Akwai kuma matsalar da ta fi damunmu a nan. Idan aka ɗauke wuta, rautar Wi-Fi ta mutu, na'urar za ta farka ta yi ta neman Wi-Fi ɗin da babu shi har ta zuƙe batirin. Ku sa mata ƙa'ida: in ba ta samu ba cikin daƙiƙa 15, ta haƙura ta kwanta.

Wurin ajiye ma'aunin ma abin lura ne. Allon yana ɗumi idan yana aiki, to in kuka manna BME280 a jikinsa za ku ga zafin ya haura na gaskiya. Ku nisanta su kaɗan, ku huda akwatin ta ƙasa don iska ta shiga, ku rataye shi a inuwa, nesa da kwanon rufi. Da hunturu ƙura kan toshe ƙaramin ramin da ke kan ma'aunin, saboda haka siririn ƙyalle a bakin hujin yana taimakawa.

Kada ku yi wasa da batirin litiyam. Ku yi masa caji da ɗan allon TP4056 mai kariya, wanda ke tsayawa a bolt 4.2, kuma kada a yi cajin idan zafi ya haura digiri 45, abin da mota ko ɗakin kwano kan kai a watan Afrilu. Batirin da ya kumbura ko fatarsa ta yage, ku rabu da shi. In kuma kuka ga an rubuta miliyamf-awa 9900 a jikin 18650 a kasuwa, jabu ne, domin na gaskiya ba ya wuce kimanin 3500.