Tafkin ƙazamin ruwa ma yana da tumbi

Wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ana farka tumbin saniya ya ga inda ciyawa take komawa. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne suke narkar da ita, saniya ta yi gyatsa ta fitar da iskar da suke samarwa. Dangin waɗannan halittu su ne ma'aikatan tafkunan da birane ke tara ruwan masai da na wanka da wanke-wanke, irin na Dandora a Nairobi, ko wanda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Babu wani injin kirki a wurin, rana ce da iska da bakteriya.

Yawanci tafkunan uku ne a jere. Na farko mai zurfi ne, mita 2 zuwa 5, a nan daskararriyar ƙazanta ke kwantawa ta zama baƙar laka, bakteriyar da ba ta son iska ta hau cinta. Na biyu bai wuce mita 1 zuwa 2 ba, kore shar da gansakuka, wadda ke samar da iskar da wata bakteriyar ke shaƙa. A na uku, hasken rana ke ƙarasa yawancin ƙwayoyin cuta.

Matsalar tana ƙasan na farko. Laka tana taruwa a hankali, a ƙasashe masu zafi ana lissafa kamar lita 40 kan kowane mutum a shekara. Ka ɗauki unguwa mai mutum 50,000 ka buga lissafin da kanka. Idan lakar ta yi tudu, wurin zaman ruwa ya ragu, ruwan da ya kamata ya kwana biyu sai ya bi gefe ya fice da ƙazantarsa. Daga nan sai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, sai curin baƙar laka yana tasowa yana yawo a sama, wani lokaci ma tafki na biyu ya rikiɗe daga kore ya koma ja-ja, alamar kaya sun yi masa yawa.

Yadda ake auna lakar yana burge ni saboda arharsa. A naɗe doguwar gora da farin tawul, a shiga kwalekwale, a soka ta har ƙasa, a zaro a hankali. Inda baƙi ya tsaya, nan laka ta kai, kamar direba yana duba man inji. Idan lakar ta cinye kashi ɗaya cikin uku na zurfin, lokacin yasa ya yi.

To, ana iya jinkirta wannan rana, kuma mu zafin ƙasarmu gata ne, domin bakteriyar nan takan yi sanyin jiki idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 15, ta himmatu idan ya ɗumama. Wasu hukumomi suna sa injin da ke kaɗa ruwa yana cusa masa iska. A Werribee kusa da Melbon ta Ostireliya, an lulluɓe tafkunan farko, ana tara iskar gas da ke tashi ana yin lantarki da ita. Akwai kuma kamfanonin da ke sayar da garin bakteriya a buhu, suna cewa zuba shi kawai za a yi laka ta ɓace. A nan ni ina ja da baya. Sakamakon yakan bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma bayan gida da kansa ya zo da rundunarsa. Kafin a saki kuɗin jama'a, a soka gorar nan, bayan wata shida a sake sokawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bakteriya ruɓaɓɓen abu kaɗai take ci. Ba ta cin yashi, ba ta cin leda, ba ta cin famfas ko tsumma ko gashin kitso. Duk wanda aka jefa a masai yana nan zaune sai an sa hannu. Baƙin mai da ragowar maganin ƙwari da ake tuttulawa a kwata kuwa kashe ta suke yi, haka ma dagwalon majemu irin na Sharaɗa da Challawa a Kano, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom. Tumbin da aka ɗura wa guba ai ba ya narkar da komai.

Ranar da aka yashe tafki kuma, manoma kan yi rububin lakar, don taki ne mai ƙarfi. A yi hattara. Ƙwan tsutsar ciki ya fi ruwa nauyi, ƙasa yake kwantawa, kuma yana iya shekaru da ransa a cikin laka mai damshi. Kada a kai ta fadamar latas da kabeji tana ɗanya. A shanya ta ta bushe ƙayau, a bar ta aƙalla shekara guda. Masu yasa su sa takalmin roba da safar hannu, kuma kada kowa ya sauka rami mai zurfi shi kaɗai. Iskar nan mai warin ƙwai idan ta yi yawa hanci daina jin ta yake yi, mutum ya ɗauka ta wuce, alhali a lokacin take kayar da shi.